Bappa Sali da Kifin Faɗuwa

Ku da kuka zauna a unguwar Limawa ta Jimeta a shekarun nan, kun san abin da ake nufi idan aka hango Bappa Sali tela ya shigo layi da ƙunshin takarda mai maiƙo a hannu, igiyar awo rataye a wuya, yana tafe yana murmushi. Ba sai an tambaya ba, wani a gidanmu ya faɗi. Ko jarrabawa, ko neman aiki, ko ƙwallo, ko dai yarinya ta ce ba ta so. Matan layi har leƙowa suke ta katanga suna cewa, "Wayyo, yau kuma waye?"

Mutumin nan fa kun san shi da tsumulmula. Sabulun wanka da zare yake yanka shi, kowa da ɗan yankinsa. Takalminsa ya sha faci har an manta asalin launinsa. Amma ran da yaro ya faɗi, sai ya rufe shago da rana tsaka, ya taka har bakin kogi, ya zaɓo soyayyar karfasa mafi girma a faranti, da yajinta da albasarta. Ran da ka yi nasara kuwa? "To, madalla. Ɗebo min ruwa." Shi ke nan, an gama murna!

Ni Kabiru ɗan ƙaninsa ne. Mahaifina ya rasu ina firamare, Bappa ya je Mayo-Belwa ya ɗauko ni da ɗan akwatina. A gidanmu na da, sakamako mara kyau bulala ce, babu dogon zance. To zangon farko a Jimeta sai na zo kusa da na ƙarshe. Na dawo gida na shige ɗaki na zura wando uku, a cikin zafin Yola ɗin nan da ko kare ba ya son fitowa. Na fito ina tafiya kamar agwagwa, na miƙa masa takarda.

Ya dubi takarda, ya dube ni. Ya ce, "Kabiru, ni fa tela ne. Wannan ƙugun ba naka ba ne. Je ka rage kaya kafin ka dahu."

Ya fita. Na ce a raina tsumagiya ya je yankowa. Sai ga shi da kifi. Ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe takardar a gabana, ya ce, "Ci."

Wallahi na ɗauka irin kiwon da ake yi wa ragon layya ne. Ina ci ina satar kallon hannunsa.

Ya ce, "To, ba ni labari. Yaya aka yi ka faɗi? Daga farko, kar ka tsallake komai."

Na fara da lissafi, yadda malamin ke gudu a allo. Daga nan na faɗa kan yaran ajin da ke kwaikwayon maganata. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ni ina ba shi labarin ranar da aka fita da gawar babana, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ɓarke da kuka, ga kifi a baki, ga majina. Bai ce in yi shiru ba, bai ce namiji ba ya kuka ba. Yana ta cire min ƙayoyi yana turo min tsoka. Abin da ya ce kawai, "Yi kukanka, ɗana, amma ka kula da ƙaya."

Da na lafa ya ce gobe in kai littafina na lissafi wurin Malam Bitrus, maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta mutumin Numan, amininsa na ƙut da ƙut. Na tashi a ruɗe na sami matarsa, Dada, a madafa. Na ce, "Dada, to yaushe za a dake ni?"

Ta ce, "Oho! Ni ma tun da aka kawo ni daga unguwar Makama nake jira in gane kan mutumin nan."

Sai batun Usmanu, ɗansa, sa'ana, ajinmu ɗaya a sakandare. Usmanu kansa na ja, kullum yana cikin na gaba-gaba, kullum kuma "madalla, ɗebo min ruwa." Ni kuwa har kumatu na fara ajiyewa. Wata rana ya tare ni ya ce, "Kabiru, wannan ai zalunci ne. In ci jarrabawa in ɗebo ruwa, kai ka faɗi ka ci karfasa?" Da jarrabawa ta zo, gogan naku ya rubuta sunansa a takardar labarin ƙasa, ya kifa kai ya yi barcinsa.

Sakamako ya fito. Bappa ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya sa takalmi ya fita. Ya dawo da wata tarwaɗa, jama'a, ban taɓa ganin irinta ba. Usmanu ya wanke hannu har gwiwa, ya zo ya gurfana yana ƙifta min ido. Bappa ya yi bisimilla, ya ja kifin gabansa, ya fara ci. Shi kaɗai.

Usmanu ya yi gyaran murya. "Baba, ni ne fa na faɗi."

"A'a, kai ba faɗuwa ka yi ba, kwanciya ka yi. Ni ne na faɗi. Allah ya ba ni yaro mai ƙwaƙwalwa, na kasa nuna masa ina murna da shi, har ya sayar da jarrabawarsa a kan kifi. Faɗuwar tawa ce, kifin ma nawa ne. Zauna in ba ka labarin yadda aka yi, daga farko."

Kuma ya ba shi! Yana ci yana ba da labari, yana neman gafara, yana tsotsar ƙashi. Ko kan bai rage ba. Usmanu bai san ko ya yi fushi ko ya ji tausayi ba, ni kuma na kasa gane wa aka hukunta. Zango na gaba Usmanu ya zo na ɗaya, Bappa ya ce ai yanzu ya koyi murna, ya ɗinka masa kaftani da ragowar yadin mutane: gaba fari, hannun dama shuɗi, na hagu ruwan ƙasa. Ya ce lallai da shi za a je masallacin Juma'a. Usmanu ya dawo yana cewa, "Wallahi gara ɗiban ruwan."

Akwai kuma ranar keke. Muna kan hanyar Yola za mu gaida dangin Dada, ni nake tuƙi, shi yana zaune a baya kamar hakimi. Muna tsakiyar hanya sarƙa ta zame ta maƙale. Ya sauka, ya nemi inuwar dogonyaro, ya zauna a kan dutse, ya harɗe ƙafa. Na ja sarƙa, na tura, na yanke a yatsa, baƙin mai har goshi. In na ɗago na dube shi sai ya gyaɗa min kai, kamar mai kallon wasa.

Sai ga Malam Bitrus a kan tsohon babur ɗinsa. Ya tsaya ya ce, "Haba Sali! Yaro na shan wahala kana zaune? Ka taimaka masa mana."

"Ai taimakon nake yi."

"Da me?"

"Da zama. Ka ga na tafi ne?"

Malam Bitrus ya sauko zai sa hannu, Bappa ya riƙe masa riga ya ce in ya taɓa keken nan ba zai ƙara rage masa wando ba. Haka suka zauna su biyu suna kallona. Na yi gumi, na yi ƙwalla, na ce a raina in na girma ba zan ƙara gaida mutumin nan ba. Can dai sarƙa ta hau, na juya feda ta tafi sumul. Wani daɗi ya kama ni, kamar ni na ƙera keken. Bappa ya taso ya duƙa yana leƙe, ya ce, "Af! Ashe haka ake yi? Nuna min kuma, ni ban taɓa iyawa ba."

To ku gaya min. Tarbiyya ce ya yi min, ko kuwa rashin iyawarsa ya ɓoye? Na tambaye shi bayan na yi aure, ya ce shi bai ma tuna an yi ba. Har yau ban sani ba.

Da zamani ya juya, muka girma muka hayayyafa, wayoyi suka cika hannun yara, sai Bappa ya ji wata likita a rediyo tana cewa iyaye maza su riƙa tambayar 'ya'yansu abin da ke cikin zuciyarsu. Innalillahi! Da ma bai ji ba. Daga ranar gaisuwarsa ta koma, "Yaya zuciyarka?" Mai kawo ɗinki, mai tallan rake, yaron da aka aiko karɓar wando, kowa sai an tambaye shi zuciya. Ya tare Malam Bitrus da sassafe, ya kama hannunsa, ya zuba masa ido ya ce, "Bitrus, tsakani da Allah, yaya zuciyarka?" Bawan Allah da ma yana fama da hawan jini. Ya ce, "Sali, me ka gani a fuskata?" Bai ko karya kumallo ba ya tafi asibiti aka yi masa awo.

A lokacin ne jikarsa Ummi, 'yar Usmanu, ta daina zuwa makaranta. 'Yan ajinsu sun ɗauki hotonta tana dariya, suka sa a guruf ɗinsu na waya suna ta yi mata ba'a. Yarinya ta ƙi ci, ta ƙi fita. Usmanu ya ce a ƙwace wayar a huta. Uwarta ta ce a sauya makaranta. Bappa ya ce a kawo masa ita shago. Ina wurin, na kawo rage riga.

Ya sa tabarau, ya ce, "Karanto min abin da suka ce. Da ƙarfi."

Ummi ta karanta: wai haƙoranta kamar na zomo.

"Tir! Wannan tsohon zagi ne, tun ina yaro ake yin sa. Ba ta yi ƙoƙari ba. Na gaba."

Wai goshinta ya isa a yi fakin mota.

"To, wannan da ɗan gishiri. Amma goshin nawa ne, ni na ba ubanki, ubanki ya ba ki. A gaya mata ta zo ta same ni. Na gaba."

Haka ya yi ta ba zagi maki kamar malamin jarrabawa, har Ummi ta fara dariya tana rufe baki. Sai ta zo kan wani ta tsaya. Ya ce karanta mana. Ta karanta a hankali: wai da ma ba wanda yake son zama da ita, haƙuri kawai ake yi.

Bappa ya cire tabarau. "Wa ya rubuta wannan?"

"Ƙawata ce. Tun firamare muke tare."

Ya ce, "To wannan kam da ciwo. Wannan ba na dariya ba ne, kuka ake yi masa. Zo nan." Ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi mai isarta, masu kawo ɗinki na tsaye a ƙofa, ya ɗaga musu hannu su jira.

Na ce a raina, yau dai na ga hikima tsantsa. Ashe da saura. Washegari ya raka ta makaranta da takalmin nan nasa mai faci, ya tsaya a bakin ƙofa yana tare 'yan mata ɗaya bayan ɗaya: "'Yar wa ce ke? Yaya zuciyarki?" Ya koma jibi, ya koma gata. Ummi ta zo ta durƙusa ta ce, "Kaka, na roƙe ka da Allah ka zauna a shagonka. Zan je da kaina, zan ji da su."

Ya juyo ya dube mu ya ce, "Kun gani? Ta warke."

Amma akwai lokacin da duk dabarunsa suka ƙare, kuma da yawanku ba ku san yadda abin ya kai ba. Bello ne, autansa. Da izininsa nake faɗa, ga shi nan zaune. An sallame shi daga jami'a saboda faɗuwa, ya ɓoye, ya ci gaba da zama a can kamar yana karatu, har asiri ya tonu. Ya dawo gida ya shige ɗaki ya sa sakata. Ba wanka, ba masallaci, abinci sai a ajiye a ƙofa a ɗauke shi kusan yadda yake.

Bappa ya sayo karfasa ya ajiye a bakin ƙofa. Ta huce, ƙudaje suka taru. Ya sayo tarwaɗa, haka. Ya ƙwanƙwasa ya ce, "Bello, yaya zuciyarka?" Shiru. Dada, da Hausarta ta cikin Yola wadda ba ruwanta da mace da namiji, ta fashe: "Yaron nan ba ta ci, ba ta magana, tana ƙarewa a ɗaki, kai kana ta kifi, kifi! Za ka kashe min ɗa da kifi!"

Ya aika aka kira ni shago. Na same shi zaune, keken ɗinki a rufe, hannuwansa a cinya. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, "Kabiru, kai yanzu malamin makaranta ne, kun yi karatun yara. Me ake yi?"

Na ce, "Wallahi Bappa ban sani ba."

Ya ce, "Ni ma." Tsoro ya kama ni sosai, don na san in Bappa ya rasa ta cewa, to abin ya kai.

Washegari sai ga amalanke a ƙofar gida ɗauke da keken ɗinkinsa. Ya sa aka dasa shi daidai bakin ɗakin Bello. Dada ta riƙe baki ta ce shi ke nan, uban ma ya taɓu. Masu kawo ɗinki suka koma sallama a gida, ana awon wando a tsakar gida kusa da turmi. Shi kuwa yana taka keke yana magana da ƙofa. Ba nasiha, ba faɗa. Ya ba ƙofar labarin ubansa, wanda bai taɓa yi masa magana ba sai in aike ne. Ya ba ta labarin shekarar da shagonsa ya ƙone da kayan mutane, yadda shi ma ya shige ɗaki yana fatan kar gari ya waye, kuma ba wanda ya zo ya zauna masa. Mu kanmu ba mu taɓa jin wannan ba. Dada ta tsaya da muciya a hannu tana saurare.

Na ji shi da kunnena yana cewa, "Bello, ni ban san yadda ake zama uba ba, ba wanda ya koya min. Ba zan ce ka fito ba. Ina nan dai. In ka ji keke, ni ne."

Aka ɗau kwanaki a haka. Keken nan kuwa kun san shi, ƙararsa kamar ana yanka akuya, don Bappa bai yarda da sayen man keke ba. Wata rana da hantsi sai muka ji sakata ta motsa. Bello ya leƙo, ya rame, gashi duk ya cukurkuɗe, idanu sun faɗa. Ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Baba, don Allah ka sa wa keken nan mai."

Bappa bai ko ɗago ba. Ya ce, "Mai ya yi tsada." Sai kuma ƙafarsa ta tsaya a kan feda, ya kifa kai a kan rigar mutane, kafaɗunsa na rawa. Bello ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafarsa.

Ba a nan ya warke ba, kar in yi muku ƙarya. Malam Bitrus ne ya ce wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, akwai likitocinsa. Dangi suka yi ta ƙananan maganganu, wai za a ce ɗan Sali ya haukace. Bappa ya ce su ce, ai bakinsu ne. Ya ɗauki Bello a keke-napep ya kai shi asibiti da kansa. Bello ya ce duk tambayar da likita ya yi, Bappa ne ke amsawa. "Kana samun barci?" "Ina fa, likita!" "Kana jin ba ka da amfani?" "Wani lokaci, musamman in Dada ta fara." Har likitan ya ajiye biro ya ce, "Baba, wai wane ne mara lafiyar?" Ya ce, "Fara da shi, amma ka rage min lokaci."

An sha magani, an koma, an sake komawa, wani watan gaba, wani watan baya. Yau Bello ne ke haɗa wa rabin mutanen unguwar Bako wutar sola, ga 'yarsa can a hannun uwarta.

Da ciwon ajali ya kwantar da Bappa, muka taru a ɗakinsa, 'ya'ya da jikoki da mu 'yan riƙo. Ya yafito ni, na kai kunne. Ya ce, "Kabiru, tsakaninka da Allah, na iya riƙon 'ya'ya kuwa? Ni fa lalube na yi ta yi."

Ni ma ga nawa yaran, kullum laluben nake yi. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Bappa, ai ga mu nan."

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, bai tsallake kowa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, ga ku nan. Kun cika ɗaki kun tare min iska. Ku ragu."

Muka fita muna dariya muna share ido. Bai ƙara mako ba.

Ya Allah, ga bawanka Salihu ya zo gare ka. Ya riƙe nasa da na wasu bai bambanta ba, bai taɓa barin ɗayanmu shi kaɗai a cikin baƙin ciki ba. Kai ma kada ka bar shi shi kaɗai. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sanyaya shi. Ka ba Dada haƙuri, ka ba Malam Bitrus dangana. Mu kuma da ya bari da 'ya'ya a hannu, ka ba mu zuciyar zama kusa da su. Amin.